Wayar gyaran haƙori ba kayan kwalliya ba ce: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, shekaruna 34, haƙorana na ƙasa sun hau kan juna. Lokacin gyara ya wuce ni ke nan? Daga wata malamar makaranta a Barnawa.

Amsa: Bai wuce ba, Malama. Muddin dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙoran lafiyarsu ƙalau, ana gyara wa babba. Sai dai ki shirya wa haƙuri, don aikin yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Ki fara zuwa a duba dasashin.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 3 yana tsotson yatsa. Kakarsa ta ce a shafa masa barkono. Daga wata uwa a Kawo.

Amsa: Kar a shafa, zai murza a ido. Yawancin yara suna bari da kansu kafin shekara 4. Idan ya kai lokacin famfara, wajen shekara 6, bai daina ba, haƙoran gaba na iya turowa waje su ƙi haɗuwa. To a nan sai ki kawo shi a gani.

Tambaya: 'Yata mai shekara 17 ta je wani shagon kwalliya an sa mata wayar haƙori, wai ita ake yayi. Wata uku ke nan, yanzu dasashinta na jini, haƙorin gaba ɗaya yana girgiɗi. Mai shagon ta ce alamar yana aiki ne. Mu jira? Daga wata Hajiya a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kar ku jira ko kwana ɗaya. Ki kai ta wurin likitan haƙori yau ko gobe, kuma kar a koma shagon a ce mai shagon ce za ta cire.

Wannan abu yana ɓata min rai ƙwarai, don 'yan mata sun ɗauki wayar nan kamar ɗan kunne. Bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a cikin bakin. Haƙori ba manne yake da ƙashi ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da ke ɗaure saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi. Idan aka matsa haƙori a hankali, ƙashin da ke gefen da ake turawa yana narkewa kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi kuma yana ginuwa ta bayansa. Shi ya sa haƙori ba ya tafiyar da ta wuce kimanin milimita 1 a wata, shi ya sa kuma likita ke auna ƙarfin wayar yana daidaita ta duk bayan mako 4 zuwa 8. Idan ƙarfin ya yi yawa, jini ya daina isa wurin, saiwar ta soma cinyewa, wani lokaci jijiyar haƙorin ta mutu ya yi baƙi. Saiwar da ta cinye kuwa ba ta sake tohowa.

Kafin likita ya manna ko da ƙarfe ɗaya, sai ya ɗauki hoton ƙashi ya ga tsawon saiwoyi, ya ga ko akwai haƙorin da ya maƙale bai fito ba, ya auna yadda muƙamuƙin sama ke zama kan na ƙasa. Tun 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa matsalar haɗuwar haƙora gida uku: wadda turamen ke zaune daidai amma haƙora sun cunkushe, wadda na sama suka yi gaba, da wadda na ƙasa suka yi gaba. Kowace da irin maganinta, wata ma matsalar ƙashi ce, waya kaɗai ba ta iya mata. Mai shagon kwalliya da wane ido za ta ga wannan? Ga gam ɗin da ba a san asalinsa ba, ga ƙarfe mai tsatsa, ga kayan aikin da aka sa a bakin wata ba a dafa su ba, hanyar ɗaukar ciwon hanta ke nan.

Tunda magana ta zo, har da masu ɗaure haƙoran gaba da robar kitso don su rufe wushirya. Robar tana zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta yi ta yankan zaruruwan nan a ɓoye har haƙoran biyu su zube. Da masu zuwa a goge musu haƙori da zarto don a fitar da wushirya: farin ɓawon haƙori idan ya tafi ya tafi, sai zogi da ruɓewa. Don Allah a bari.

Ita 'yar taki, da yardar Allah idan an cire wayar da wuri haƙorin zai iya komawa ya kafu. Kafin ku je, kar ta gatsa komai da shi, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ku nufi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya taso, ko da dare ne ku tafi. Ina sake faɗa, Hajiya, kar a jira.

Tambaya: An ce sai an cire min haƙora biyu na sama kafin a sa waya, ni kuma na ji cire haƙorin sama na kawo makanta. Daga wani ɗalibi a Malali.

Amsa: Ba ya kawowa. Jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Ana cirewa ne don a samar wa sauran wuri, amma likita ne zai cire, ba wanzami ba.

Tambaya: Turamena biyu sun fita shekara biyar da suka wuce, haƙorin robar da na sa kuma ya karye na liƙe shi da gam. Dole ne sai na sake wani? Daga wani dattijo a Rigasa.

Amsa: Baba, ka cire wannan mai gam ɗin yau, yana ƙona dasashi. Haƙorin roba a kan cire shi da dare a wanke, ba a liƙe shi. Shi kuwa giɓi, idan ya daɗe maƙwabtansa sukan kwanto ciki, na samansa ya zuro ƙasa, tauna ta lalace. Amma ba kowane giɓi ne sai an cike ba. Binciken wani likitan Holan, Kayser, a 1981 ya nuna mai haƙoran gaba da ƙananan turame lafiyayyu yana iya tauna yadda ya kamata, kuma a 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da ake so mutum ya riƙe har tsufa. Idan ana buƙatar cike giɓin, akwai haƙorin roba, akwai wanda ake rataya wa maƙwabta, akwai na dasawa a ƙashi da aka fara yi wa mutum a Suwidin a 1965, shi ne mafi tsada. In kana da ciwon suga, ka gaya wa likitan tun farko.

Tambaya: Muƙamuƙina yana ƙara idan na yi hamma, wani ya ce a goge min haƙora su daidaita. Daga wata matashiya a Unguwar Rimi.

Amsa: Kar ki yarda a goge. Bincike bai nuna karkacewar haƙora ce babbar sanadin wannan ba, kuma ƙara marar ciwo ba ta buƙatar magani. Ki rage cingam da gatsa ƙanƙara. Idan ciwo ya shigo, ko baki ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe ya ƙi rufuwa, ki je asibiti nan take, kar a bar wani ya danna miki shi a gida.