Me ya sa alayyafo ke dushewa a tukunya?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da alayyafo ke komawa ruwan ƙasa idan ya daɗe a wuta, amma da an jefa kanwa sai ya tsaya kore shar.

Koren ganye daga sinadarin kulorofil yake, kuma a tsakiyar kowace ƙwayarsa akwai wani sinadari mai suna magniziyam. Zafi kan saki tsamin da ke cikin ganyen, tsamin ya ture magniziyam ɗin, sai kulorofil ya rikiɗe ya zama feyofaitin mai dusasshen launi. Shi ya sa yakuwa, da yake tsami gare ta, ba ta daɗewa da korenta. Kanwa kuwa kashe tsamin take yi.

Sai dai kada ki cika ta, don tana lalata bitamin C da B1, ganyen kuma ya yi luguf. Gara ki rage lokacin dahuwa.