Ƙanena, a Texas gaban mota ma sai da lamba

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, na bari sai na samu sarari, domin amsar ba ta layi biyu ba ce. Ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Jami'ar Houston, Allah Ya sanya albarka. Ka ce Alhaji ya yi maka alkawarin sabuwar mota idan ka sauka, zuciyarka tana tsakanin Mustang da Corvette, kuma a duk bidiyon da kake kallo ba ka ganin lamba a gabansu. Shi ne kake tambaya ko ranar karɓa za ka iya ce wa dila kada ya huda maka bamba, ka riƙa yawo da lambar baya kaɗai.

Hana shi hudawa kana iya yi, motarka ce. Amma hawa titi babu lamba a gaba laifi ne a Texas, kuma a Texas za ka zauna.

Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne mun saba da doka ɗaya. A gida, ko lambar Kano ce ko ta Sakkwato, tsarin na ƙasa ne baki ɗaya, gaba da baya. A Amurka kowace jiha da tata dokar. Jihohi kamar ashirin lambar baya kawai suke nema, irin su Florida, Georgia, Pennsylvania, Michigan, Kentucky da Arizona. Ohio ta shiga sahunsu ranar 1 ga Yulin 2020. Sauran kuwa, har da Texas, Kaliforniya, New York, Illinois, Maryland da Virginia, biyu suke so. Motocin da ka ambata duka a jihohin lamba ɗaya ake ƙera su: Mustang a Flat Rock ta Michigan, Corvette a Bowling Green ta Kentucky tun 1981. Hotunan talla kuma ba a sa musu lamba. Da wannan idon ka saba ganinsu.

In ka zo Houston ma za ka ga motoci birjik babu lambar gaba, sai ka ce to ina dokar? Leƙa bayansu. Jihohi huɗun da suka yi iyaka da Texas, wato Louisiana, Arkansas, Oklahoma da New Mexico, duk na lamba ɗaya ne. Dokar tana bin jihar da aka yi wa mota rajista ne, ba inda aka saye ta ba, ba kuma inda take tafiya yau ba. Mai lambar Louisiana ya wuce ɗan sandan Texas gabansa fayau, babu abin da ya taka. Kai mai lambar Texas ka yi haka, ka taka sashe na 504.943 na dokar sufuri ta jihar, tarar tana iya kaiwa dala 200. Akwai kuma 'yan jihar da suka san dokar sarai suka zaɓi su yi kasada. Su 'yan gida ne, lissafinsu daban da naka.

Wani aboki zai ba ka shawarar ka yi rajista da adireshin ɗan'uwa a Georgia ko Louisiana don ka huta. Kada ka saurare shi. Gaskiya ne Texas ta ɗauke wa ɗaliban da suka zo daga wata jiha wajibcin sauya rajista, amma wannan na wanda gidansu na can ne da gaske. Kai daga Kano za ka sauka, ba ka da wani gida sai Houston. Kamfanin inshora zai tambaye ka inda motar take kwana, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa suka gano adireshin aro ne, suna da hujjar ƙin biya.

Yanzu ranar karɓar motar. Da, dila takarda yake manna maka a baya, ka yi makonni kafin lambar ƙarfe ta iso. Takardun nan sun zama hanyar cuta, ana buga na jabu ana sayarwa, har majalisar jihar ta soke su. Daga 1 ga Yulin 2025, dila a Texas lambobin ƙarfe yake bayarwa a ranar ciniki. Ke nan babu wasu kwanakin rangwame da za ka ce kana jiran lamba. Shawarar yadda za a maƙala ta gaba dole ka yanke ta kafin ranar, ba a tsaye a harabar dila ana miƙo maka makulli zuciya na rawa ba.

Yawancin sababbin motoci suna zuwa da mariƙin lamba na roba a cikin leda, a but. Masu shirya mota a bayan shago su ne suke ɗaura shi, sau da yawa tun kafin mai saye ya gan ta, kuma ɗaurin gargajiya shi ne a huda robar bamba a murɗa sukurori. In an huda an huda, gyaransa sai ciko da fenti ko sabon bamba. Saboda haka in ba ka son huji, kada ka tsaya a faɗa wa mai sayarwa da baki. Shi daban, mai riƙe da na'urar huji daban, ba lallai saƙon ya isa ba. Ka sa a rubuta a takardar oda, ka sake tura saƙon imel mako guda kafin motar ta sauka daga tirela, ka ce a bar mariƙin a ledarsa. A Kaliforniya har doka ta tanadi wannan: dila ba ya miƙa sabuwar mota babu mariƙin gaba sai mai saye ya sa hannu cewa an yi masa tayin ɗaurawa ya ƙi. Sa hannun dila yake karewa, kai kuwa wajibcin lamba yana nan a wuyanka.

Hanyoyin da ba sa buƙatar huji suna nan, a shagunan kayan mota da intanet. Akwai mariƙin da ake murɗawa a ramin ƙugiyar jan mota, in motar tana da shi a gaba. Akwai wanda ake kamawa da sukurorin da ke ƙarƙashin bamba tun daga masana'anta, ya leƙo sama da lambar. Akwai na manne. Ka yi odar wanda aka yi wa ainihin samfurin motarka da shekararta, ka riƙe shi a hannu ranar karɓa. Abu biyu za ka duba. Na farko ƙa'idar hukumar motoci ta Texas: lamba ta kasance a wajen mota, a ɗaure tamau, a kwance daidai, kuma ƙasanta ya yi nisan inci 12 daga ƙasa, kusan santimita 30. Motocin nan suna da ƙasa sosai, ka je da abin awo. Na biyu kada lambar ta toshe kafar iska ko ta rufe kyamara da na'urorin da ke jin kusancin abu. Corvette tun daga samfurin 2020 injinta a bayan direba yake, amma akwai lagireto a gaba, kuma zafin Houston a watan Agusta ba wasa ba ne.

Ka ambaci zuwa karɓar Corvette a gidan tarihinta da ke Bowling Green, tsarin da suke kira R8C. Abu ne mai kyau ga mai hali, amma ka sani cinikin na dilanka ne, can miƙawa kawai ake yi. Karɓa a Kentucky ba ta mayar da motar 'yar Kentucky ba.

Akwai dabarar da kusan kowa yake fara yi, a jingina lambar a cikin gilashin gaba, a kan dashbod. Ni ma na yi. Shekarata ta biyu a nan na sayi tsohuwar mota daga hannun wani a Oklahoma, gabanta sumul babu ko huji ɗaya. Da na karɓo lambobin Texas na ɗaura ta baya, ta gaba na jingina a gilashi, na ce ai ana ganinta. Wani dare cikin azumi, na taso daga tarawihi a wani ƙaramin gari a gefen Houston, da jallabiya da hula, sai fitila ja da shuɗiya ta cika min madubi. Na gangara gefe. Hannuna har ya kai kan marfin ƙofa, domin a gida tarbiyya ce ka fito ka je ka gaida jami'i. Allah Ya taimake ni na tuna gargaɗin wani dattijo a masallaci, na janye hannun, na kunna fitilar ciki, na sauke gilashi, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari. Ina jin takun takalminsa a kan tsakuwa, tocila tana bin kujerar baya, tana bin ƙafafuna, sannan ta tsaya a kan lambar da ke gilashi. Bai ɗaga min murya ba. Ya karɓi lasin da takardar inshora, ya koma motarsa, na zauna minti kamar goma sha biyar ina salati, ina tunanin takarduna da ke gaban hukumar shige da fice a lokacin. Ya dawo da takardar tara. Washegari na sayi mariƙi na ɗaura, na kai hoto kotu, aka kori maganar na biya dala 10, domin dokar ta ba alƙali wannan damar idan mutum ya gyara kafin ranar zamansa na farko. Daga baya na gano babbar kotun laifuka ta Texas ta riga ta yanke hukunci tun 2010, a shari'ar Spence, cewa lamba a gilashi ba ta cika sharaɗi ba, sai a can gaban motar.

Dala 10 ba komai ba ce. Mintunan nan goma sha biyar su nake so in raba ka da su. Tun 1996, a shari'ar Whren, Kotun Ƙolin Amurka ta ce muddin ɗan sanda ya ga an karya dokar hanya, komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta, ko da wani abu daban ne a ransa. Rashin lambar gaba kuwa laifi ne da ake hangowa daga nesa, kullum, ko kana tafiya a hankali. Saurayi baƙar fata, baƙo, da sabuwar mota mai ƙara, idanu suna kanka tun ba ka yi komai ba. Me zai sa ka miƙa musu dalili da hannunka? Baƙo ko da ido makaho ne, ba ka san wane gari ne ke kau da kai ba, wane ne ba ya yi.

Tarar lamba ita kaɗai ba ta korar ɗalibi. Abin tsoro shi ne abin da ke biyo bayanta idan aka yi sakaci. Sa hannu a takardar ba amsa laifi ba ne, alkawarin zuwa kotu ne, don haka ka sa, kada ka yi gardama a bakin titi. Idan ranar ta wuce ba ka je ba ba ka biya ba, ana iya fitar da sammacin kama ka, sunanka ya shiga rumbun 'yan sanda. A watan Afrilun 2025 an soke rajistar dubban ɗaliban ƙasashen waje a tsarin SEVIS, wato rajistar da gwamnatin Amurka take ajiye bayanan ɗalibai baƙi a ciki, bayan an bi sunayensu a irin wannan rumbun, wasu a kan ƙananan abubuwa, kafin ƙararraki a kotuna su sa gwamnati ta mayar da su. Na ga yadda hankalin yaranmu ya tashi a makonnin nan. Kuma don Allah, maganar na goro ko “a taimaka, ranka ya daɗe” da hannu a aljihu, ka bar ta a filin jirgin Malam Aminu Kano. A nan babban laifi ne mai kai mutum gidan yari. Haka rufe lamba da leda ko gilashi mai duhu, irin yadda wasu manya ke yi a gida, shi ma laifi ne mai zaman kansa.

Ba ka tambaye ni ra'ayina kan motar kanta ba, amma ni yayanka ne. Harajin sayen mota a Texas kashi 6.25 cikin ɗari ne, wato motar dala 50,000 za ta ci 3,125 kafin a zo kuɗin rajista. Inshorar saurayin da bai kai shekara 25 ba, ba shi da tarihin tuƙi a Amurka, a kan mota irin wannan, tana da nauyi ƙwarai. Ka nemi farashinta daga kamfanoni biyu ko uku kafin Alhaji ya tura ko sisi. Da ni ne, zan yi zangon karatu na farko da mota mai sauƙi, in karɓi lasin Texas, in san hanyoyin garin, sannan in yi oda. In kuma ka ƙudura sai yanzu, ba zan hana ka ba, sharaɗina ɗaya ne, ba za ta bar harabar dila ba sai da lamba gaba da baya.

Ka turo min ranar saukarka da lambar jirgi, zan zo filin jirgin George Bush in ɗauko ka. Ranar karɓar motar ma tare za mu je, abin awo da sukundireba suna cikin motata. Ka gaida Alhaji da Hajiya, ka ce mata yajin da ta aiko wancan karon ya ƙare.