Ƙiyasta ƙofofin dutsen yashi mai tsauri da bayanan sismik

Ƙanena na Damagaram, ka tambaya ko bayanan sismik, wato awon igiyar sauti da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa ta dawo, su kaɗai za su nuna maka yawan ƙananan ƙofofin da ke cikin dutsen yashi mai tsauri, inda gas ke maƙale. Su kaɗai dai, a'a.

Abin da igiyar sauti ke dawo mana da shi turjiyar dutse ce, wato nauyinsa a ninka da saurin sauti a cikinsa. In ƙofofi suka yawaita, turjiya ta ragu. To amma irin wannan dutse galibi ƙofofinsa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, sai turjiyarsa ta yi kama da ta laka mai tauri, ka rasa wanne ne wanne. Nan ake tuntuɓe. Ni na fi son a duba rabon saurin igiyar P (mai matse dutse) da na igiyar S (mai girgiza shi gefe-gefe), domin gas yana saukar da shi.

Sannan ka gwada komai da awon da ake yi cikin rijiyar haƙo gas da guntun dutsen da aka ciro. Shimfiɗar da ba ta kai kwatan tsawon igiya ba kuwa, sismik ba ya raba samanta da ƙasanta.

Kada ka aro lissafin Agadem, filin haƙar mai na gabashin Nijar. Mai ne yake ba SORAZ, matatar mai ta Damagaram, tun 2011, ba irin wannan gas ba.