Tambaya da amsa: Me ya hana itace fitowa a Tsaunin Mambila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada, Kaduna. Muna shirin kai ɗalibai Tsaunin Mambila a hutun Disamba. Duk hoton wurin da na gani tuddai ne kore shar, ba itace, har wasu kan ce kamar ƙasar Sikotilan. Haka wurin yake tun asali, ko sare itatuwan aka yi? Waɗanne namun daji za mu gani? Ina kuma neman ɗan tarihin wurin da shawara a kan hanya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri bisa wannan niyya. Bari mu fara da itacen, don shi ne ƙashin bayan maganar.

Yawanci mutane kan ce sanyi ne ya hana itace. Ba shi ba ne. Mambila na Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, tsayinsa a matsakaici wajen mita 1,600 ne daga bakin teku, Kaduna kuwa wajen mita 600. Duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Ke nan ranar da ake digiri 31 a Kaduna, a Gembu, hedkwatar ƙaramar hukumar, za ka tarar da 24 ko 25. Wannan sanyi ne na rigar sanyi da bargo, bai kai na kashe itace ba. A manyan duwatsun Afirka irin su Kilimanjaro da Dutsen Kenya, sai an kai wajen mita 3,000 kafin kurmi ya sallama wa gajerun tsirrai. Ruwa ma ba ya ƙaranci: damina kan kama tun Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,800.

Abin da ke riƙe da tuddan nan a buɗe wuta ce da kofato. Kowane rani ana cinna wa busasshiyar ciyawa wuta don sabon tsiro ya fito wa shanu. Ciyawa ba ta damu ba, idonta na can gindi kusa da ƙasa, kwana kaɗan ta sake tohowa. Ɗan itacen da bai kai gwiwa ba kuwa sai ya ƙone ƙurmus, wanda ya tsira saniya ta cinye ko ta tattake. A kan wasu tuddan, inda ƙasa ba ta da zurfi kuma iska ke kaɗawa, ciyawa ta daɗe ƙwarai, amma faɗin da ta yi yau aikin hannun mutum ne.

Ga yadda za ka nuna wa ɗalibai da idonsu. Ku tsaya kan tudu ku dubi kwari: duk inda rafi ya bi za ku ga siririn kurmi baƙi-ƙirin yana bin sa kamar igiya, domin laima ba ta barin wuta ta shiga. Sannan ku dubi gefen tudun da kyau. Akwai ƙananan matakala a jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar wani ya zauna ya sassaƙa. Ba manomi ya yi su ba, sawun shanu ne, don saniya ba ta hawa tudu tsaye, gicciye take bi shekara da shekaru. Inda matakalan suka tsage jar ƙasa ta bayyana, nan zaizaya ke farawa, damina biyu ko uku ta zama kwazazzabo. Za ku kuma ga wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda ba ya fure ba ya 'ya'ya, ya rufe gefen tudu har ƙugu. Alamar kiwo ya yi yawa ke nan. Saiwarsa na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa wuta ba ta kashe shi, sai ma ta share masa fili. Shanu ba sa son sa, in yunwa ta tilasta musu suka daɗe suna ci, yakan jawo fitsarin jini.

Dogayen itatuwan da ke kewaye da garuruwa kuma turare ne, baƙo daga Ostareliya, an shuka shi don katako da itacen girki. Kada yara su rubuta shi a matsayin kurmin asali.

Kwatancin da ake yi da Sikotilan akwai ƙamshin gaskiya, amma rabi ce. Can ma tumaki da ƙonawa da barewa ne ke hana itace dawowa a wurare da yawa. Sai dai ƙasar can baƙa ce mai jiƙe kamar soso, tarin ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru, kuma wani gajeren tsiro mai fure ruwan hoda ne ya rufe ta. Ta Mambila ja ce, a wurare da dama daga dutsen aman wuta ta samu, tana da tsami. Tsamin nan da hazo da ruwa su ne abin da ganyen shayi ke so, shi ya sa gonar shayi take a Kakara, wani ƙauye a kan tsaunin.

Batun namun daji, gara ka rage wa yara buri tun daga gida. A buɗaɗɗen tudu shanu za su gani, dubbai, da dawaki, da shaho da shirwa suna shawagi. Tsawo ya sa ƙudan tsando bai samu wurin zama ba, wannan ne ya jawo makiyaya, shanu kuma suka maye gurbin dabbobin dawa. Abin da ya rage na cikin ragowar kurmi. Mafi sauƙin kaiwa shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, kurmin tudu ne da ke manne a gangare. Akwai birin cimfanzi na irin da ba a samu sai a Najeriya da Kamaru, da gwaggon biri, da wani biri mai farin tabo a hanci, da gada, da tsuntsayen da ba za ku taɓa gani a Kaduna ba. Akwai tashar bincike a bakin kurmin, kuma a nan aka killace wasu filaye daga shanu da wuta, itace ya fara dawowa a hankali. Wannan shingen shi ne hujjar duk abin da muka faɗa a sama. Ciyawa a waje, ƙananan itatuwa a ciki. Cimfanzi kam da wuya ku yi ido biyu da shi. Ku nemi sheƙarsa: kowace yamma yakan lanƙwasa rassa a saman itace ya yi gadon kwana, jagora zai nuna muku. Ɗalibi talatin masu surutu ba za su ga ko wutsiyar biri ba, ka kasa su gida-gida, mutum shida ko bakwai, su shiga da sassafe.

Manyan dabbobi irin su ɓauna, mazo, gwambaza, aladen daji da dorina suna Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991. Ofishinsa na Serti, a kan hanyarku. A yankinsa ne Chappal Waddi yake, ƙololuwa mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da jagora, ba na yaran makaranta ba ne.

Tarihi kuwa zai yi wa ɗan Kaduna daɗi, don akwai zaren da ya haɗa mu. Mutanen Mambila manoma ne tun fil azal, suna noma gangaren tudu, kuma suna da dabarar shuka majimfa a gonar da aka bari ta huta don ta mayar wa ƙasa ƙarfi. A ƙarni na 19 sun sha hare-hare daga masarautar Banyo da ke Kamaru a yau. Daga baya yankin ya faɗa hannun Jamus a matsayin wani ɓangare na Kamaru. Da Jamus ta sha kaye a can a 1916, Ingila ta karɓi wannan gefen a matsayin ƙasar amana. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, ya shigo a ranar 1 ga Yuni, aka sa masa suna Lardin Sardauna, don girmama Sa Ahmadu Bello da ke mulkin Arewa daga nan Kaduna. Daga Jihar Arewa maso Gabas sai Gongola a 1976, sai Taraba a 1991. Sunan ƙaramar hukumar ragowar wancan lardi ne.

Za ku ji Fillanci ko'ina, shi ne harshen kasuwa tsakanin Mambila, Fulani, Kaka, Kambu da Panso, ko da yake Hausa ma na ci. Duk garin da ya fara da Mayo, rafi ke nan. Abu ɗaya da za ka ja wa yara kunne a kai: maganar fili tsakanin manomi da makiyayi ba abin wasa ba ce a can, an zubar da jini a kanta, har a 2017. Kada su tsallake shingen kowa, kada su ɗauki hoton shanu ko gona ba izini.

Saura lokaci da hanya. A nan ne za mu ɗan ɓata maka shiri: koren da ka gani a hoto na damina ne. A ƙarshen Disamba ciyawa ta bushe, an fara ƙona wasu tuddan, hazon hunturu kuma ya toshe nesa. Wanda ke son kore da hanya mai kyau lokaci guda, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba zai nufa. In kalandar makaranta ta ɗaure ka, Disamba ma na da ribarta, don yara za su ga aikin wutar da idonsu.

Ku ware kwana biyu zuwa, biyu dawowa, ku kwana a Jalingo. Daga nan sai Bali, Serti, Mayo Selbe a gindin dutse, sannan hawa mai murɗe-murɗe zuwa Maisamari, Nguroje, Gembu. Ku tambayi halin tsaron hanya a satin da za ku tashi, ba wata guda kafin ba. Ku cika tanki kafin hawa, kuma kada ku hau bayan la'asar, hazo kan sauko farat ɗaya. Iskar sama ba ta da kauri, inji kan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da yake da shi a Kaduna, don haka bas mai lodi fiye da ƙima zai yi zafi a tsakiyar hawa. A duba lagireto da bel ɗin fanka tun a gida. Saukowa ta fi haɗari. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Zariya yakan ɗora ƙafa kan birki har ƙasa, birkin ya ɗau zafi, man birki ya tafasa, feda ta nutse ba kamu. Giya ta biyu zai saka, ta ɗaya a wuri mai tsanani, inji ya riƙe motar. A canza man birki kafin tafiya in ya tsufa, don tsohon mai ya sha laima, shi ke saurin tafasa.

Kowane yaro ya zo da rigar sanyi, bargo, hula da takalmi rufaffe. Rana na ƙuna a can ko da jiki na jin sanyi. Gidan sauro ma a tafi da shi saboda kwanan Jalingo. Kuma ka saka ma'aunin zafi a aljihu: a auna iska a inuwa a Mayo Selbe, a sake aunawa a Maisamari, yara su yi lissafin bambancin. Da safe a Gembu a tsoma ma'aunin girki cikin tukunyar shayi tana tafasa. Zai tsaya wajen digiri 95, ba 100 ɗin da ke cikin littafinsu ba, kuma mai dafa muku wake zai riga su gane haka, don waken zai jima bai nuna ba.