Amsa: Laifin injiniya ne ko na mai gini?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko halin mai gini, wato mai gidan da ya ba da aikin, yana shafar aikin injiniya da mai zanen da ya ɗauka. Sosai ma kuwa.

Babban abin da ke karya mu shi ne sauya ra'ayi bayan an fara aiki. Na taɓa tsayawa kan aikin wani bene, an ɗaura rodi, an zuba kankare, sai mai gidan ya zo ya ce a matsar da matakala wani ɓangaren. Dole aka koma lissafin nauyi daga farko, aka fasa abin da aka zuba, wata guda ya tafi.

Sai gaggawa. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, amma wani zai matsa a cire katakon tallafi tun bai yi ƙwari ba. Jinkirin biyan kuɗi ma yana rage zuwan injiniya wurin aiki.

Wanda ya saba gini yakan naɗa mutum ɗaya mai yanke magana, ya yarda a gwada ƙasa kafin a haƙa tushe. Shi kam aikinsa yana tafiya a kan lokaci.