Digirin digirgir a cikin ƙurar kogo

Tambaya: Na kammala digiri na biyu a nazarin ƙwayoyin halitta. Ilimin gadon halitta na jan hankalina, kuma tun ina ƙarama duwatsu da ƙasa ke burge ni. Wani malamina ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Shin akwai digiri na uku da ke haɗa su? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Akwai, ƙanwata, kuma malaminki bai yi ƙarya ba. Wanda ya ɗauki fannoni uku don kawai yana son su, zai watse. Amma akwai tambayar da ba ta amsuwa sai da ukun, kamar neman tsohuwar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a cikin ƙasa.

A 2017, Viviane Slon, tana ɗalibar digirin digirgir a cibiyar Max Planck ta Leipzig a Jamus, ita da abokan aikinta suka nuna cewa ana iya samo DNA ɗin mutanen Niyandatal, wani jinsin mutanen da da ya shuɗe, daga ƙasar kogo zalla, ko da babu ƙashi ko haƙori. Kogon Denisova na Rasha na cikin wuraren. Duba yadda fannonin suka shiga juna. Sun farauci DNA ɗin mitokondiriya ne, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, domin ƙwayar halitta ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan kwafinsa ko fiye, alhali na cibiyar ƙwayar kwafi biyu ne kacal. Karatunki kenan. Sai a tabbatar tsoho ne, ba gumin mai tono ba: tsohuwar DNA guntu-guntu take, sau da yawa ba ta kai harafi 100 ba (da haruffa huɗu, A, C, G da T, ake karanta DNA), kuma a bakin guntayen harafin C yakan rikiɗe a karanta shi T. Wannan lalacewar ita ce shaidar tsufanta.

Inda 'yan fanninmu suka fi tuntuɓe shi ne ƙasar kanta. DNA na manne wa yumɓu da wasu ma'adanai, shi ya sa take daɗewa. Haka aka samu ta shekara miliyan 2 a Kap København, arewacin Girinlan, aka bayyana a 2022, har da ta dangin giwa da ake kira mastodon. To amma ruwa na tsiyaya, ɓera na haƙa rami, saiwa na ratsawa. In ba ki iya karanta shimfiɗun ƙasa ba, sai ki ba wa DNA shekarun da ba nata ba, injin karanta DNA kuwa ba zai ce miki uffan ba.

A yankinmu zafi ne babban abokin gaba, yana saurin ruguza DNA. Abin da ya fi ba da fata shi ne lakar ƙasan tafki, irin ta Tafkin Yoa a arewacin Chadi, wadda ta adana tarihin kusan shekara 6,000 na bushewar Sahara.

Shawarata: ki riƙe fanni ɗaya a hannu sosai, ki koyi sarrafa bayanai da kwamfuta tun yanzu, don rabin aikin can yake. Kafin ki amince da kowane mai duba aiki, tambaye shi ko suna da ɗakin gwaji na musamman don tsohuwar DNA, inda ake shiga da rigar rufe jiki duka, sannan wane masanin ƙasa ne zai ƙiyasta shekarun samfuranki.