Tambaya da Amsa: Jitar Bariton, Mai Kaurin Murya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jitar katako wadda ba ta aiki da lantarki, amma muryata tana da kauri, sai na yi ta maƙurewa kafin in kamo sautinta. An ce akwai wata da ake kira bariton. Me ya bambanta ta da tawa? Zan iya mayar da tawa irinta? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bambancin farko tsawon tsirkiya ne. Idan aka auna daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa jakin da tsirkiyoyi suka hau a kan ciki, jitar da aka saba gani tana da kimanin inci 25 da rabi. Bariton kuwa daga inci 27 take farawa, wasu har su kai 30. Wanda ya san garaya da kuntigi ya riga ya san dalili: doguwar tsirkiya mai kauri ita ke ba da amo mai nauyi. Shi ya sa ake yi mata ƙaton ciki kuma, don ƙaramin akwati ba ya iya fitar da irin wannan amo.

Yawanci ana saita tsirkiyoyinta shida a sautukan da ake kira B, E, A, D, F#, B, maimakon E, A, D, G, B, E na jitar da aka saba. Tsirkiyar da ta fi kauri tana girgiza kusan sau 62 a daƙiƙa, ta jitarka kuwa kusan sau 82. Yatsunka ba sai sun koyi sabon abu ba, suna ne kawai yake sauyawa: in ka kama G za ta fito D, in ka kama C za ta fito G. Ka ɗaura kafo, wato ɗan matsin da ke danne duka tsirkiyoyi, a gaɓa ta biyar ta wuya, ta koma daidai da taka, ka iya haɗa kiɗa da abokai.

Batun mayar da taka, ba ma ba ka shawara. Kaurin tsirkiyoyin bariton daga .016 zuwa .070 na inci yake, naka kuwa galibi .012 zuwa .053. In ka sassauta naka har B, za su yi sako-sako, su riƙa dukan ƙarafan wuya suna zuza. In ka sa masu kaurin, ba za su zauna cikin tsagin ƙashin nan ba sai an buɗa shi da zarto, kuma ko an buɗa, sauti zai riƙa kaucewa yayin da yatsa ke gangarawa kusa da ciki, saboda wuyan ya yi gajere. Abin da ya fi haɗari shi ne ka sa su sannan ka ɗaure har E. Jan zai iya ɓamɓare jaki, ya kumbura fuskar jitar, ya lanƙwasa wuya. Abin da taka za ta ɗauka lafiya shi ne tsirkiya .013 zuwa .056, a sauke ta zuwa D, ko C#. Sau da yawa wannan ma ya isa mai kaurin murya, ka fara gwada shi kafin ka kashe kuɗi.

In ka sayi bariton, ka rage shara tsirkiyoyin duka shida a lokaci guda, domin sautukan ƙasa in sun taru dagulewa suke. Kaɗa tsirkiya uku ko huɗu da yatsu, a nan daɗinta yake, kuma amonta yana daɗewa kafin ya mutu.

Tambaya: Jitata ta tsage a fuska da hunturun bana. Me ya jawo? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Bushewar iska ce, ɗan'uwa. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa ƙasa da haka yake sosai, sai katako ya tsuke ya tsage. Sassauta tsirkiyoyin yanzu, kada ka shafa wa tsagar mai ko ka ɗura mata sufagulu, ka kai wa mai gyara ya liƙe da gam ɗin katako, ya tokare ta ciki da 'yan guntayen katako. Daga nan ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta tare da soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da aka huda, ka jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku har hunturu da bazara su wuce.